Ido Biyu, Haske Ɗaya

A Dundee, bayan tashar jirgi,
inda iskar kogin Tay ke lasar tagogi,
Torquil Mair ya buɗe akwatin katako
kamar mai kwance wa jariri zane.

Warin tsohon mai ya fara fitowa.
Sannan tagulla.
Wuya ɗaya daga ƙasa,
can sama ya rabu biyu kamar gwafa:
bututu ɗaya tsaye ƙyam,
ɗayan ya jingina da shi,
ƙane ya kawo wa wansa gulma.

Madubin likita ake ce masa,
amma likita bai taɓa shafa shi ba.
Na Euphemia Garvie ne, ma'aikaciyar masaƙa,
mai duba zaren algarara
kafin a saƙa buhun da zai yi yawon duniya.
Ga rubutunta a jikin murfi, tawada ta koɗe,
shekara ɗari da hamsin tana jiran mai karatu.

Kafin irin wannan, da ido ɗaya ake leƙe,
a runtse ɗaya har kai ya sara.
Maƙera suka ce ba ta saɓuwa,
wanda ya ba mu biyu bai yi kuskure ba.
Gwajin farko ya yi musu ƙarya:
tudu ya koma kwari,
ƙoƙon da ke kife ya bayyana a buɗe.
Sai da aka feƙe ɗan gilashi mai kusurwa,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
aka sa shi a 'yar aljihun tagulla
ya tare rabin haske, ya karkata shi gefe,
rabi ya wuce abinsa.
Gado ke nan da aka raba ba a kai ƙara ba.

Wannan ɗan gilashin ne ya goce.

Kwana tara Torquil na kansa.
Gashin raƙumi don ƙura,
tsinken ashana, numfashi a riƙe,
yankin takardar taba a ƙarƙashin kusurwa.
Haƙoran da ke ɗaga wuya ya wanke su ɗaya-ɗaya.
Bai goge tagullar ba:
inda babban yatsan Euphemia ya cinye fenti
ya bar shi yadda yake.

Saura gwaji.
Nan fa ake yin ta,
don idonsa na hagu yana ta rufe shi tun bara,
fari fat kamar madarar da ta kwana.
Mai ido ɗaya ya gyara abin ido biyu,
wa zai yi shaida?

Senga! Ajiye wannan burodin, zo nan.

Jikarsa ta hau kan kujera, ta durƙusa,
jam a haɓarta.
Ya kunna fitila, ya juya madubin ƙasa
har haske ya hau.

Wata biyu nake gani, Kaka.
Ya murɗa.
Suna matsowa.
Ya murɗa, rabin rabin murɗawa.
Sun taɓa juna. Ɗaya na cin ɗaya.
Tsaya!

Shiru.
Jirgin ƙarfe huɗu ya bi ta kan gada,
gilasan shago suka yi ƙara, suka lafa.

Gungume ne, in ji ta, ba zare ba,
wani a kan wani, akwai rami a tsakani,
zan iya sa ƙafata.
Ga kuma wani baƙi, ya lanƙwashe, ba irinsu ba ne.

Ya matsar da ita, ya kai idonsa na dama.
Gashin ido ne.
Ya faɗo ranar da aka liƙe gilashin,
danƙo ya kama shi tare da zaren.
Shi a shimfiɗe ya gan shi, kamar zane a bango.

A sama yake ko a ƙasa?
A sama, Kaka. Kamar yanzu ya faɗo.

Torquil ya ɗauki alƙalami, ya rubuta a rasit:
an gyara.
Ya miƙa mata ta sa hannu.